Ina neman shawara kan tafiyar ɗaukar hoto zuwa Gana: ganuwoyin bakin teku da dabbobin bakin kogi

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa. Ina fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Shekara huɗu ke nan da na fara ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji, ba don sana'a ba, sai don abin yana sanyaya mini rai. Na je Yankari sau biyu, na yi zaman jira a fadamar kogin Gaji har na samu hoton gwaggon biri da gwambaza waɗanda nake alfahari da su, amma ban taɓa fita da kyamarata wajen Najeriya ba. Yanzu Allah ya hore mini hutun kwana goma a watan Janairu, kuma zuciyata ta tsaya a kan Gana saboda abubuwa biyu: tsofaffin ganuwoyin da Turawa suka gina a bakin teku, wato na Elmina da Cape Coast, da kuma wuraren kare namun daji da ke bakin kogi a arewacin ƙasar, musamman gandun dajin Mole da wurin dorinar nan na Wechiau.

Abin da ya fi damuna shi ne hazo. Mu a Kano mun san yadda Janairu yake, akwai ranar da mutum ba ya iya hango ƙarshen unguwarsu, kuma na sha dawowa gida da hotuna fari fat kamar an yayyafa musu gari. Shin haka abin yake a can, har bakin teku? Idan haka ne, ko in ɗage tafiyar zuwa wani watan? Sannan ina so in ji daga waɗanda suka taɓa zuwa, ko kwana goma za su ishi mutum ya haɗa kudu da arewa ba tare da ya ƙare hutunsa a cikin mota ba. Kayan aikina ba su da yawa: kyamara ɗaya, madubi mai faɗin gani, da wani mai jawo nesa kusa wanda ya kai milimita 400, sai mariƙi mai ƙafa uku. Akwai kuma wata tambaya da nake jin nauyin yinta, amma gara in yi. Ya halatta, ta fuskar ladabi, mutum ya shiga kurkukun da aka tsare bayi yana ƙyasta hoto? Allah ya saka wa duk wanda ya ba ni lokacinsa da alheri.

Dattijon Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam. Yaro na, sannu da wannan niyya, Allah ya cika maka ita. Ni haifaffen zangon Kumasi ne, kuma na yi shekaru ina bin hanyar arewa da mota saboda harkar hatsi, don haka zan yi maka magana a kan hanya da lokaci, in bar wa masana maganar kyamara.

Kada ka ɗage tafiyarka. Hunturu yana sauka har bakin teku, gaskiya ne, amma hazon kudu bai kai na Kano kauri ba, kuma yakan yi kwanaki ya yaye. A arewa kuwa, daga Tamale zuwa Wa, za ka tarar da irin wanda ka baro a gida. To amma wannan lokacin ne dabba take fitowa fili. Idan ka zo da damina sararin sama zai yi maka kyau, ciyawa kuma ta fi tsawonka, ruwa yana ko'ina a daji, giwa ba ta da dalilin zuwa inda kake jiranta. Da rani kuwa kogin Mole yakan tsinke ya koma tafkuna, dole kowace dabba ta zo shan ruwa a wuri ƙalilan. Daga Disamba zuwa Afrilu shi ne lokacin, kai kuma ka faɗo a tsakiyarsa.

Shawarata ita ce ka fara da kudu. Daga Akara zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, amma kada tsawon ya ruɗe ka, cunkoson fita daga Akara ta wajen Kasoa yana iya cinye maka rabin safiya, saboda haka ka kama hanya da asuba. Daga Cape Coast zuwa Elmina bai wuce tafiyar minti ashirin ba. Ka ba wa yankin kwana uku. Daga nan ka komo Akara ka hau jirgin sama zuwa Tamale, tafiyar kamar awa ɗaya ce, maimakon ka kashe yini guda cur a mota. Daga Tamale ka bi ta Damongo zuwa Larabanga, ƙofar gandun tana nan kusa da garin, kuma hanyar yanzu kwalta ce, ba irin wahalar da muka sha a da ba. Kwana uku a Mole, sannan ka bi ta Sawla zuwa Wa, daga Wa ka gangara Wechiau ka kwana biyu. Lissafin ya yi daidai, amma babu rarar kwana a ciki, kuma idan wani abu ya tsaya maka, Wechiau ce za ka haƙura da ita. Ka riƙe katinka na rigakafin cutar shawara kusa, ana tambayarsa a wurin shiga ƙasar, kuma ka tuna agogonmu yana bayan naku da awa ɗaya.

A Larabanga kada ka wuce masallacin nan na ƙasa ba tare da ka tsaya ba. Ƙarami ne, an shafe shi da farar ƙasa, itatuwa sun fito daga jikinsa irin ginin Mali, ga tsohuwar kuka a gefensa. Mutanen garin suna cewa tun shekarar 1421 aka gina shi. Ka fara gaida dattawan wurin kafin ka fito da kyamara, domin masallaci ne da ake salla a cikinsa, ba kufai ba ne. Kuma ka sani ƙasar da za ka taka ita ce Gwanja da kakanninmu suke zuwa fataucin goro da jakuna, tafiyar watanni daga Kano da Katsina. Za ka yi mamakin yadda Hausa za ta fisshe ka a kasuwannin wannan yanki da kowane zango na ƙasar.

Mai Jiran Dorina ya amsa:

Malam Ɗan Fagge, abin da Baba ya faɗa a kan lokaci haka yake, ba ni da abin ƙari. Ni zan tsaya a kan kogi, domin a nan ne na fi yin kuskure kuma na fi koyo.

Hazo ba ya ɓata abin da yake kusa da kai, abin da yake nesa yake cinyewa. Duk ƙurar da ke tsakaninka da dabba tana shiga hoton, saboda haka madubinka mai milimita 400 ba zai cece ka ba idan giwar tana can ƙarshen fadama. A Mole masaukin yana kan tudu, tafkunan suna ƙasa, kuma kowa yakan tsaya a bakin tudun ya yi ta ɗaukar giwaye daga sama. Hoton yakan fito dishi-dishi, kuma bayan dabba kawai ake gani. Abin da ya kamata shi ne ka shiga zagayen ƙafa da ake fita wajen ƙarfe 7 na safe tare da ma'aikacin gandun mai bindiga, ka sauka ƙasa, ka ga giwa ido da ido daga tazarar da shi ya yarje maka. Idan ya ce tsaya ka tsaya, idan ya ce ja da baya kada ka ce saura hoto ɗaya. Ba sa barin mutum ya fita da silifa, sai da rufaffen takalmi. Ka guji tufa shuɗiya ko baƙa, domin ƙudan tsando yana bin waɗannan launuka, ka sa ruwan ƙasa ko ruwan toka.

Hazon ma yana da tasa kyautar. Da hantsi rana takan fito kamar faifai ja, ana iya kallonta, haskenta kuma ba ya yin inuwa mai kaifi, wanda shi ne abin da baƙar fatar giwa da ɓauna suke buƙata. Hotona da na fi so daga Mole ba na giwa ba ne. Burtu ne guda uku suna tafiya a jere cikin ciyawar da aka ƙona, hazo ya shafe duk abin da ke bayansu. Na daɗe ina jin labarin maharba masu ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe don su kusanci dabba, amma sai ranar na ga tafiyar da suke kwaikwayo. Idan tsuntsaye ne a ranka, ka nemi a kai ka ƙauyen Mognori da ke gefen gandun, inda ake shiga kwalekwale a kogin Mole a ƙarƙashin inuwar itatuwa, matuƙar ruwan bai janye sosai ba. Ka tambaya kafin ka tafi.

Wechiau kuwa wani abu ne daban. Ba gandun gwamnati ba ne, sarakunan yankin da jama'arsu ne suka keɓe kusan kilomita 40 na gaɓar Baƙin Volta, a daidai inda kogin ya raba Gana da Burkina Faso, don su kare dorinar da ta rage musu. Dorinar ba ta da yawa, kuma babu wanda zai yi maka alkawarin ganinta. Da rani ne dai ruwa yake ja baya, su taru a gurbi mai zurfi, masu tuƙin kwalekwalen kuma sun san gurbin. Ka bar mariƙinka mai ƙafa uku a masauki, ba shi da amfani a cikin jirgin da yake rawa. Ka zauna ƙasa-ƙasa, ka dafe gwiwar hannunka a kan cinya, ka sa saurin ƙiftawar kyamara ya kai ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko fiye, ko da hoton zai ɗan yi tsakuwa-tsakuwa. Dorina tana iya nutsewa har kusan minti biyar, idan ta ɓullo kuma kunne da ido da hanci kawai za ka gani, ta yi feshi ta koma. Don haka kada ka bi ta da madubi, ka saita a kan wurin da ta nutse ka jira. Kuma in roƙe ka abu ɗaya: kada ka matsa wa mai tuƙi ya ƙara matsawa don ka samu hoton buɗe baki. Wannan buɗe bakin ba hamma ba ce, gargaɗi ne, dabbar kuma takan kai tan ɗaya da rabi, kwalekwalen katako ba komai ba ne a wurinta. Na taɓa yin wannan roƙon a wani kogi, mai jirgin ya ƙi, na ji haushi a lokacin, daga baya na gane shi ne yake da gaskiya.

Ƙura ce babbar abokiyar gabarka a arewa, gishiri kuma a kudu. Kada ka canja madubi a fili, ka yi shi a ɗaki. A bakin teku iska tana ɗauke da feshin ruwan gishiri wanda ba ka gani, sai ka ga hotunanka sun fara yin hayaƙi, don haka ka riƙe tsumma mai laushi kana gogewa. Fararen bangayen ganuwar kuma suna ruɗin ma'aunin hasken kyamara ta rage haske, ginin ya fito ruwan toka, sai ka ƙara mata haske kaɗan da hannunka.

Malamar Tarihi ta amsa:

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙarshe ce ta sa na ajiye aikina na zauna rubutu, kuma na ji daɗi da ka yi ta, domin da yawa ba sa yi. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Tamale, kuma na raka ɗalibai waɗannan wurare fiye da sau biyar.

Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, kuma da farko zinariya ce ta kawo su, daga baya cinikin mutane ya rinjaye. Turawan Holan sun ƙwace ta a 1637 bayan sun hau tudun da ke fuskantarta sun yi mata ruwan igwa daga sama, shi ya sa da suka zauna suka gina wata ƙaramar kagara a kan tudun, wadda ake kira St. Jago, don kada a yi musu abin da suka yi wa wasu. A 1872 ta koma hannun Ingila. Ta Cape Coast kuwa Turawan Suwidin ne suka aza harsashinta a 1653, ta shiga hannun Ingilishi bayan kimanin shekara goma, kuma daga nan suka yi mulki har 1877 da aka mayar da hedikwata Akara. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Na kawo maganar tudun St. Jago ne don daga can za ka samu hoton da ya faɗi gaskiyar wurin. Idan ka hau da la'asar za ka ga ganuwar gaba ɗaya, teku a bayanta, bakin ruwan Benya a gabanta cike da jiragen masunta masu fenti da tutoci. Ka yi ƙoƙari ranar Talata ta same ka a Elmina, domin a al'adar masuntan wannan gaɓa ba a fita teku ranar, jirage suna nan a ɗaure, mutane suna gyaran taru. Za ka kuma lura da wani fili fetal a gefen ganuwar. Ba haka kawai yake ba, nan ne tsohon garin Elmina yake kafin Ingilishi su yi masa luguden wuta a 1873. Masu yawon buɗe ido suna wuce shi ba sa ɗauka, alhali yana cikin labarin. Masuntan da matan da ke sayar da kifi kuwa, ka nemi izininsu kafin ka ɗaga kyamara, da yawansu sun gaji da baƙon da zai ɗauke su kamar kayan ado ya wuce ko gaisuwa babu.

Game da kurkukun, ga abin da nake gaya wa ɗalibaina. Ka shiga sau biyu. A karon farko ka bar kyamara a jaka, ka bi jagora, ka tsaya a cikin duhun ɗakin maza na Cape Coast, ka ɗaga kai ka ga 'yan ƙananan tagogin da ke can sama, ka ji lokacin da zai gaya maka cewa a bisa wannan ɗakin ne Turawan suka yi cocinsu. Ka bi ta ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa. A Elmina ka tsaya a tsakar gidan mata, inda gwamna yake leƙowa daga bene ya zaɓi wadda yake so. Bayan ka ga wannan da idonka, ka koma da kyamara idan har yanzu kana so, kuma ina tabbatar maka abin da za ka ɗauka zai bambanta. Za ka tarar da furanni da aka ajiye a jikin bango, kuma za ka haɗu da baƙaƙen fata daga Amurka da Karibiyan waɗanda suka zo neman inda aka fitar da kakanninsu, wasunsu suna kuka. Kada ka ɗauke su, kuma kada ka kunna walƙiyar kyamara a kansu.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba na so ka je can kana ganin tarihin wasu ne. Baba ya ambaci fataucin Gwanja, kuma gaskiya ne abin alfahari ne, amma kasuwar Salaga da fatakenmu suke sauka ba goro kaɗai ake saye da sayarwa a cikinta ba, har da bayi, kuma rijiyoyin da ke garin suna nan har yau ana nuna su. Haka kuma a yaƙin da Ingilishi suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, akwai sojojin Hausa da aka kawo daga Legas a cikin rundunarsu. A ganuwar Elmina ne aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a kai shi Saliyo, daga can kuma tsibirin Seshel. Idan kana da rabin yini, ka je Assin Manso a kan hanyar Kumasi, inda akwai rafin da ake cewa a nan bayin da aka gangaro da su daga arewa suke wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku. Wuri ne mai inuwa da kukan tsuntsaye, kuma na ga ɗalibai sun fi yin shiru a can fiye da cikin ganuwar kanta.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Baba, Malam, Malama, ban san da wane baki zan gode muku ba, Allah ya ƙara girma. Na fasa ɗage tafiyar, kuma zan tsara ta yadda Talata za ta same ni a Elmina. Malama, maganarki ta sa na fara tunanin ko in haƙura da ɗaukar cikin kurkukun gaba ɗaya, in tsaya a kan waje. Sai dai kuma mahaifiyata da ƙannena ba za su taɓa zuwa can ba, kuma ina so su ga abin da na gani.

Mai Jiran Dorina ya sake amsawa:

Malam, a nan ni ina ganin ka ɗauka. Malama ba ta hana ba, tsari ta ba ka, kuma tsarin nata daidai ne. Dalilin da ka kawo na mahaifiya da ƙanne ya isa dalili, domin yawancin mutanenmu sun san labarin cinikin bayi a baki ne kawai, ba su taɓa ganin faɗin ɗakin ba balle ƙanƙantar tagar. Abin da zan ƙara shi ne yadda za a yi. Ka tambayi ma'aikatan wurin tun a bakin ƙofa game da ƙa'idar kyamara da ta mariƙi mai ƙafa uku, ka biya abin da suka ce. Ka je da sassafe lokacin da aka buɗe, kafin motocin ɗalibai su iso, ka roƙi jagora ya ba ka minti biyar bayan ayarin ya wuce gaba. Ka yi amfani da madubinka mai faɗin gani, ka kafa kyamara a wuri ɗaya, ka bar ta a buɗe daƙiƙa biyu ko uku ta sha hasken da yake shigowa ta tagar. Kada ka haskaka ɗakin fiye da yadda yake, ko a wurin ko daga baya a kwamfuta, domin idan ka mayar da shi wasai mahaifiyarka za ta ga wani ɗaki ne daban da wanda aka tsare mutane a ciki. Ka auna hasken a kan bangon da ke kusa da tagar, sauran ka bar shi cikin duhunsa. Batir kuma ka riƙe guda biyu a cike kafin ka bar Wa zuwa Wechiau, kada ka dogara da samun wuta a masaukin bakin kogi.